Tambaya: hanyoyin keke da aka yi a kan tsohon layin dogo a Ingila, sun dace da mai iyali?

Baban_Yara_Mcr:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, fatan kowa yana lafiya ya iyali ya sanyi. Dan Allah shawara nake nema daga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Muna zaune Manchester ne ni da maiɗakina da yara uku, babbar shekararta tara, mai bi mata shida, sai ƙaramin da ko yaye shi ba a daɗe da yi ba. Likita ya auna ni ya ce suga na ya fara hawa, bai kai a ɗora ni kan magani ba amma ya ce lallai in riƙa motsa jiki, kuma gaskiya daga gida sai bas sai wajen aiki sai gida, yaran ma haka duk sun maƙale a waya da talabijin abin yana damuna sosai.

To wani abokin aikina bature ne ya ce min akwai hanyoyi a karkara waɗanda da can layin dogo ne, aka cire ƙarafunan aka mai da su hanyar tafiyar ƙafa da keke, wai mota ba ta shiga kuma babu hawa da gangara. Ni na iya keke tun ina yaro amma titin garin nan tsoro yake ba ni, ballantana in ɗora yara a kai. Madam kuma ba ta taɓa hawa keke ba a rayuwarta. Kuma ba mu da mota.

Abin da nake son sani, da gaske ne hanyoyin a shimfiɗe suke ko dai irin shimfiɗar bature ce wanda shi hawa dutse ba komai ba ne a wurinsa? Wacce ce ta fi kusa da za a iya zuwa da jirgi ko bas? Sai mutum ya sayi keke ko ana haya? Sannan batun karnuka da wurin sallah da abinci, don na san ƙauyukan nan ba irin Cheetham Hill ko Rusholme ba ne da za ka juya ka ga masallaci. Duk wanda ya taɓa zuwa ya taimaka ya ba ni haske, Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Sheffield:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara lafiya ya raya zuri'a. Ka yi tambaya mai kyau kuma ka yi sa'a don inda kake zaune yana cikin wuraren da suka fi yawan irin waɗannan hanyoyin a duk ƙasar.

Maganar shimfiɗa gaskiya abokinka ya faɗa maka, kuma akwai dalili. Jirgin ƙasa tayarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, santsi ne da ita, in hawa ya yi tsanani sai ta riƙa zamewa, shi ya sa injiniyoyin da suka yi layukan nan a ƙarni na 19 suka gwammace su fasa dutse, su gina gada a kan kwari, su tara ƙasa inda ya yi gangare, duk don kar jirgi ya hau tudu. Yawancin manyan layuka hawansu bai cika wuce mita ɗaya a cikin mita ɗari ba. To wahalar da leburorin wancan zamanin suka sha da diga da shebur ita ce kai da yaranka za ku ci moriyarta yau, za ka ga duwatsu hagu da dama amma kai kana tafiya a miƙe ƙafarka ma ba ta san ana hawa ba sai ka juyo za ka ji keken yana gudu da kansa.

Yadda aka yi suka zama kufai kuwa, a 1963 ne wani mutum Dakta Richard Beeching da gwamnati ta ɗora a kan hukumar jiragen ƙasa ya fitar da rahoto ya ce a rufe layi mai tsawon mil 5,000 da tashoshi 2,363 saboda asara ake yi, mutane sun koma mota da tirela. Aka bi aka rufe mafi yawansu, wasu ma da ba sa cikin rahoton aka rufe su daga baya. Wasu wuraren manoma suka saye, wasu aka gina gidaje a kai, waɗanda suka tsira su ne hukumomi da ƙungiyoyi suka mai da hanyar jama'a.

Yanzu tunda ba ku da mota, ni shawarata ka fara da Longdendale. Ka hau jirgi a tashar Piccadilly ta Manchester zuwa Hadfield, wajen minti arba'in ne, kana fitowa tasha ɗan taku kaɗan hanyar ta fara. Tsawonta mil shida da rabi ne har bakin ramin Woodhead, tana bin gefen madatsun ruwa guda biyar da aka gina tun ƙarni na 19 don shayar da Manchester, wato ruwan da yake zuwa famfon wasu unguwanninku daga nan yake. Layin shi ne tsohon layin Manchester zuwa nan Sheffield, an daina ɗaukar fasinja a kai a 1970 aka rufe shi gaba ɗaya a 1981. Ramin kansa mil uku ne a ƙarƙashin dutse, leburori da yawa sun mutu wajen haƙa shi a shekarun 1840, yanzu a rufe yake ba a shiga, wayoyin lantarki ne suke bi ta ciki. Ba dole ba ne ku kai ƙarshe, ku yi mil biyu ku zauna ku ci abinci ku juyo. Abu biyu kawai zan ja maka kunne, ƙasar wurin ba kwalta ba ce yashi ne da ƙananan tsakuwa da aka daddaɓe so in an kwana ana ruwa za ka tarar da kududdufi, sannan akwai inda za a tsallaka titin mota a Torside, a nan ka riƙe hannun yara.

Ta biyu ita ce Middlewood Way, daga Marple zuwa Macclesfield, wajen mil goma, jirgi yana kai ka Rose Hill Marple. Ita bishiyoyi sun fi yawa kuma iska ba ta dukan mutum kamar Longdendale. Amma ka duba jadawalin jirgi kafin ka fita musamman ranar Lahadi.

Wadda ta fi duka kyau a wurina kam Monsal Trail ce a yankin tsaunukan Peak District, mil takwas da rabi daga Bakewell zuwa Blackwell Mill kusa da Buxton. Tsohon layin Midland ne da jirgin Landan zuwa Manchester yake bi, aka rufe shi 1968. An buɗe hanyar tun 1981 amma a lokacin ramukan a toshe suke sai ka sauka ka zagaya ta kan tudu, sai a 2011 aka gyara manyan guda huɗu aka sa musu fitilu, Headstone da Cressbrook da Litton da Chee Tor, kowanne ya haura mita ɗari huɗu ko kusa da haka. Wallahi yara suna son wurin nan, kana shiga sai sanyi ya buge ka kamar ka leƙa cikin randa ko da rani ne, ruwa yana ɗiga daga sama, su yi ta ihu suna jin muryarsu tana dawowa, kana fitowa daga ramin Headstone kawai sai ka ga kanka a kan wata doguwar gada ta 1863 kogin Wye yana can ƙasa. Fitilun da rana kawai suke aiki fa, magariba na yi ake kashewa. Ana hayar keke a tsohuwar tashar Hassop da kuma Blackwell Mill, har da na yara da ɗan akwatin da ake ja a baya a sa jariri. Ku fara daga ɓangaren Bakewell, don tafiya yamma hawa ne a hankali, in yara sun gaji dawowar gangara ce. Matsalarta ɗaya Bakewell ba ta da jirgi yanzu, sai bas ko ka samu wani ɗan'uwa mai mota ku haɗa iyali biyu, kuma kar ka yarda ka hau keke da yara a kan titin A6 daga Buxton, manyan motocin kwasar dutse ne suke bi.

Amma kar wani ya ce maka duk tsohon layin dogo a shimfiɗe yake. High Peak Trail da ke kusa da can an gama layinta tun 1831 lokacin da ba a gama sanin kan jirgi ba, sai suka yi ta kamar hanyar ruwa, a tafi a miƙe sannan a zo tudu mai tsananin gaske a ja taragu da igiyar ƙarfe da injin tururi da aka girke a saman tudun. Ɓangaren Cromford hawan ya kai mita ɗaya a cikin takwas ko tara, injin Middleton Top ma yana nan har yau ana zuwa kallo. Wannan ɓangaren ba na yaro ba ne kuma ba na sabon koyo ba ne.

Maman_Biyu_Bristol:

Salam. Baba Tsohon Sheffield ya gama magana kan hanyoyin can arewa, ni ɓangaren madam da yara zan taɓa don a nan ne nake ganin iyalai da yawa suke yin kuskure, maigida ya yi hayar keke ya ɗora matarsa da ba ta taɓa hawa ba a ranar Asabar da rana tsaka lokacin da hanyar ta cika da jama'a, ta faɗi sau ɗaya a gaban mutane shikenan ta rantse ba za ta ƙara ba. Malam dan Allah kar ka yi haka. Zuwan farko ku tafi da ƙafa kawai, ita ta tura keken jariri, yaran biyu su hau nasu in suna da shi, ta ga wurin da idonta hankalinta ya kwanta. Tafiyar ƙafa ta awa ɗaya ma ai motsa jiki ne babba ga mai suga.

Koyon kuma a filin shaƙatawa na unguwa ake yi da safe, a sauke sirdin ƙasa yadda ƙafafunta biyu za su taka ƙasa, ta riƙa turawa da ƙafa tana ɗagewa har jikinta ya gane daidaito, sai daga baya a zo maganar feda. Kuma in da hali mace ta koya mata ya fi, miji da mata wajen koyarwa haƙuri yana saurin ƙarewa. Ka tambaya a kansul ɗinku, wato ƙaramar hukuma, ko hukumar sufuri ta Manchester, ana koyar da manya hawa keke kuma akwai ajin mata zalla a wurare da dama. A Landan akwai ƙungiyar mata musulmi masu keke Cycle Sisters da ta fara a Waltham Forest a 2016, da hijabinsu da abayarsu suke fita, so ba wani baƙon abu ba ne yanzu. Yara kuma makarantun firamare suna da shirin koya musu hawa keke mai suna Bikeability, ka tambayi makarantar babbar.

Batun sutura, abaya mai faɗi ita ce haɗarin don tana shiga sarƙa ko tayar baya. Ni wando mai faɗi nake sawa da riga zuwa gwiwa, in abaya ce a tattare ta a ɗaure a ƙugu, mayafi kuma a cusa jelarsa cikin riga, hular kwano tana zama daidai a kan ƙaramin hijabi. A nemi keken da ba shi da sandar nan ta tsakiya. Doka ba ta tilasta hular ba a ƙasar nan amma ni yarana ba sa hawa babu ita.

Mu nan tamu ita ce hanyar Bristol zuwa Bath, mil 13, kwalta ce tun daga farko har ƙarshe. Ita ce uwar su duka a wajen Sustrans, ƙungiyar da ta yaɗa hanyoyin keke a ƙasar nan, wasu 'yan sa kai ne a nan Bristol suka kafa ƙungiya a 1977 suka fara shimfiɗa ta da hannunsu a 1979 aka gama a 1986, daga nan abin ya bazu har ya zama hanyoyin keke na ƙasa baki ɗaya, waɗannan allunan shuɗaye masu lamba a cikin jan akwati da kake gani. Amma gaskiya ɓangaren cikin gari da safe da yamma masu zuwa aiki gudu suke yi sosai, ba na kai yara sai mun wuce Warmley, can wajen Bitton akwai tsohon jirgi mai hayaƙi da ake kunnawa yana tafiya gefen hanyar, ƙaramina in ya ji kukansa ba ya yarda mu wuce.

Karnuka kam akwai su ba zan ɓoye maka ba, kusan kowane bature da ya fito yawo da karensa ya fito. Mafi yawa suna da tarbiyya ba ruwansu da kai. Abin da za ka koya wa yara shi ne kar su gudu kar su yi ihu, su tsaya cak su haɗe hannu, kare zai shinshina ya wuce, kai kuma ka ce wa mai shi cikin ladabi yaran suna tsoro, nan take za su kira shi su sa masa igiya har da ba da haƙuri. Masu doki ma suna bin hanyoyin, in za ka wuce doki ka rage gudu ka yi magana da baki tun daga nesa, kar ka kaɗa ƙararrawa dab da shi yana firgita.

Sallah ba ta taɓa zame mana matsala ba. Mu yi alwala a gida ko a banɗakin tasha, in ɗauki ƙaramar darduma mai leda a ƙasa saboda ciyawa kullum a jiƙe take, da gorar ruwa daban, waya ta nuna alƙibla, mu koma gefe inda ba mu tare wa kowa hanya ba. Abinci kuma ki dafa, au Malam, ku dafa naku a gida, shinkafa a kula da shayi a filas, don shagunan tsoffin tashoshin nan tsada ne da su kuma rabin abin da ke ciki naman alade ne, in dole ne sai dankali soyayye ko ayis kirim. Tunda kana da maganar suga ka riƙe dabino ko wani abu a aljihu.

Bakatsine_a_Jamus:

Sannunku da ƙoƙari, na ji daɗin wannan zancen. Ba Ingila kaɗai ba ce, nan Jamus ma sun yi irinsu da yawa. Wadda ke kusa da ni ita ce Vennbahn, tana tashi daga Aachen ta bi ta Beljiyam ta ƙare a Troisvierges a Luksambag, kilomita 125, kusan duka kwalta kuma hawanta bai cika wuce kashi biyu cikin ɗari ba, za ka ga tsofaffi 'yan shekara saba'in da kekensu mai batir suna yin ta cikin kwana biyu ko uku suna kwana a ƙauyuka.

Abin da ya fi ba ni mamaki da ita shi ne bayan yaƙin duniya na ɗaya, a ƙarƙashin yarjejeniyar Versailles, an ba Beljiyam layin dogon nan har da inda ya ratsa cikin ƙasar Jamus, kuma har yau haka abin yake duk da jirgi ya daina bi. Wato a wajen Roetgen da Monschau kana kan hanyar kana Beljiyam, ka sauka gefen dama Jamus, ka sauka gefen hagu ma Jamus. Ba shinge ba soja ba komai. Shi ya sa nake ce wa 'yan'uwa masu takardar zama su riƙe ta a jiki in za su bi ta, don a hukumance iyaka kake tsallakawa.

Shawarar da zan ƙara wa mai tambaya ita ce in abin ya karɓe ku gara sayen keke na hannu da haya, hayar iyali guda a rana ɗaya in ka tara sau uku ko huɗu ta sayi keken yara. Ka koyi yin faci da kanka, ka riƙe famfo da tub ɗaya a jaka, don a tsakiyar dajin nan babu mai faci a gindin bishiya, in taya ta sace turawa za ka yi har tasha. Kuma ƙaya tana yawa lokacin da manoma suke aske shingen gonakinsu da kaka.

Dan_Layin_Dogo_Zariya:

Ni ina gida Najeriya ban taɓa zuwa Turai ba amma kakana da mahaifina duk a reluwe suka yi aiki, so ku yi haƙuri in sa baki. Ni fa abin nan da kuke yabo baƙin ciki yake sa ni. A ce an fasa dutse mil uku, mutane sun mutu a ciki, an gina gada da ta shekara ɗari da hamsin tana tsaye, sannan a ƙarshe a cire ƙarfe a bar wa masu yawo da kare? Garin da Baba ya ambata Bakewell ga shi da bakinsa ya ce ba jirgi sai bas, wanda ba shi da mota ya rasa yadda zai je, to ashe an cuci talakan wurin kenan. Jirgi guda yana ɗaukar abin da tirela talatin ko fi za su ɗauka.

Mu ma ai muna da irin wannan. Akwai ƙaramin layin da turawa suka yi daga nan Zariya zuwa Jos har Bukuru saboda kwasar kuza, siriri ne faɗinsa ƙafa biyu da inci shida, ya isa can a 1914, da aka kai babban layi Jos ta Kafanchan sai ya rasa kaya aka rufe shi a 1957. Yau ka tambayi matasan Zariya ko ɗaya cikin goma bai san an taɓa yin sa ba. Ga layin Zariya zuwa Gusau zuwa Ƙauran Namoda, ga na Kano zuwa Nguru, ga na Minna zuwa Baro, ku je ku ga halin da suke ciki, wasu wuraren an kafa kasuwa a kan layin, wasu ɓarayi sun kwance ƙarfen sun sayar wa 'yan gwangwan. Mu ba hanyar keke muke nema ba jirgin muke so ya dawo.

Baban_Yara_Mcr:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Baba na rubuta sunayen duka, Hajiya Maman Biyu na karanta wa madam abin da kika rubuta ta ce in gaishe ki kuma ta yarda da maganar a fara da ƙafa. In sha Allah Longdendale za mu fara. Ƙarin tambaya biyu, ana barin mutum ya shiga jirgi da keke kuma ana biya? Sannan wani ya ce min akwai wata a cikin Manchester ɗin kanta wai Fallowfield Loop, ita fa? Don in akwai ta kusa da zan riƙa bi kullum bayan aiki ai ta fi min amfani a kan maganar likita fiye da wadda sai wata-wata.

Ɗan'uwa na Zariya maganarka ta taɓa ni, mahaifiyata tana ba mu labarin yadda suke hawa jirgi daga Kano zuwa Nguru.

Tsohon_Sheffield:

Keke kyauta ne a jirgi, amma ƙananan jiragen yankinku yawanci wurin keke biyu ne kawai kuma wanda ya riga shi ya samu, so ka guji lokacin zuwa aiki da tashi, manyan jirage masu nisa kuma sai ka kama wa keken wuri tun kafin ranar. Fallowfield Loop tana nan, wajen mil takwas daga Chorlton ta bi ta Fallowfield da Levenshulme zuwa Gorton da Fairfield, kwalta ce kuma ita ma tsohon layi ce da aka daina amfani da shi a 1988. Tunaninka daidai ne, ita ce ta kullum. Sai dai cikin gari ce kuma wasu wuraren a cikin kwari take ba mai ganinka daga titi, an sha yin ƙorafin samari masu ƙwace keke da waya, don haka da rana ko lokacin da mutane suke kai da kawo, ba bayan duhu ba. Ka tuna a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a matse suke, a Yuni kuwa har tara da rabi da haske. In duhu zai same ka doka ce farar fitila gaba ja a baya. Kuma in kun fita karkara kuka ga wata hanya ta ɓalle daga babbar, duba kibiyar da ke jikin gungumen, rawaya ta masu ƙafa ce kaɗai, shuɗiya ita ce keke da doki suke bi, duk ƙofar gona da ka buɗe ka rufe ta.

Ɗana na Zariya, ban ƙi maganarka ba, su kansu turawan da yawa suna ganin an yi gaggawa a shekarun 1960, har yanzu akwai masu fafutukar a mai da jirgi kan layin Monsal ɗin nan kuma ana ta jayayya da masu son hanyar. Amma ga abin da nake so ka duba. Layin da aka mai da hanyar keke filinsa yana nan a haɗe daga farko har ƙarshe a hannun hukuma, gadojin ana duba su ana gyarawa, ramukan ba su rufta ba. Wanda aka bari haka nan shi ne aka yanka aka sayar aka gina gidaje da manyan kantuna a kai, shi kam ya tafi har abada. A Scotland da za su dawo da jirgi daga Edinburgh zuwa Tweedbank a 2015, layin da aka rufe tun 1969, sai da suka rushe gidaje suka karkatar da tituna saboda an ci filin a wasu wuraren. Amurka ma saboda wannan suka yi doka a 1983 cewa kamfanin jirgi zai iya miƙa layin da ya daina amfani da shi a yi hanyar jama'a a kai, da sharaɗin in an buƙaci jirgi gobe a karɓe shi, Katy Trail ta jihar Missouri mai mil kusan 240 ta wannan dokar aka same ta. Layin Zariya zuwa Jos da ka ambata, da a 1957 wani ya ce a bar filinsa a matsayin hanyar masu keke da jakai da masu kai kaya kasuwa, da yau an san inda yake.

Dan_Layin_Dogo_Zariya:

Baba na fahimce ka, ta wannan fuskar kam akwai hikima, riƙe filin shi ne babba. Amma ina nan kan bakana a kan layukan da har yanzu ƙarfensu yake ƙasa, Gusau da Nguru kar wanda ya kawo maganar cirewa, gyara suke so. Kuma ko hanyar keken ce a wajenmu sai an samu tsaro tukuna, yanzu wa zai ɗauki iyalinsa ya shiga dajin da ke tsakanin Funtuwa da Gusau da sunan shan iska.

Maman_Biyu_Bristol:

Malam ina amsawa, ka ce mata in ta shirya koyo ta yi min magana ta akwatin sirri in haɗa ta da wata 'yar'uwa a can Manchester. Abu ɗaya da na manta, ku tafi da rigar ruwa da safa ta canji ga kowane yaro ko da kun ga rana ta fito, Longdendale a buɗe take iska tana kaɗawa daga kan ruwan, kuma keken jaririn in mai ƙananan tayoyi ne zai wahalar da ita a yashin, gara ta goya shi.